Wake da madara suna kumbura ciki, nono kuwa shiru: mene ne dalili?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu ilimin abinci ku taimaka. Mutum ya ci shinkafa da wake da rana, kafin la'asar ciki ya cika da iska yana ta ƙugi. Ya sha madara, haka nan. Amma ya sha hura da nono kwano guda, shiru kake ji. To nono ba daga madara ya fito ba? Kuma da gaske ne kanwa tana hana wake kumbura ciki?

Malamar Kimiyya, Arkilla:
Wa alaikumus salam, Malam. Tushen abin ɗaya ne: wani sukari ne jiki ya kasa yayyankawa. Abinci ba ya shiga jini sai an farfasa shi. Sitacin gero da shinkafa tun a baki miyau yake fara aiki a kansa, shi ya sa in ka daɗe kana tauna burodi za ka ji ya soma zaƙi. Furotin kuwa a tumbi ake fara shi, maiko kuma sai ruwan matsarmama ya tsinka shi a ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, inda ake tsotse kusan komai.

Wake yana ɗauke da wasu nau'o'in sukari, rafinos da istakiyos, waɗanda hanjin ɗan Adam ba shi da sinadarin da zai yanka su ko kaɗan. Sai su wuce yadda suke zuwa babban hanji, bakteriyar da ke can su far musu, su fitar da iska. Ba cuta ba ce. Dabarar ita ce a jiƙa waken awa 8 zuwa 12, a zubar da ruwan, a ɗauraye, a dafa da sabon ruwa har ya murje tsakanin yatsu biyu. Wannan sukarin yana narkewa a ruwa, wanda ya dafa da ruwan jiƙon ya mayar da shi tukunya ne kawai. Kuma wanda ya daɗe bai ci ba ya fara da kaɗan, hanji yana sabawa.

Baban Yara, Runjin Sambo:
Malama ta gama magana kan jiƙo. Kanwa dai laushi take sa wa, ta rage cin itace, amma tana lalata bitamin B1, in ta yi yawa kuma ga ɗaci ga sakin ciki. Waken da ya jiƙu sosai bai buƙatarta. Don Allah kada kumburi ya sa a kore wake daga gida. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, kuma yana da layisin, ɗaya daga tubalan gina furotin, wanda gero da dawa suka gaza a kai. Tuwo da miyar wake suna cika juna, musamman ga yara a gidan da nama ke wuya. A jinkirta shayi da kamar awa guda bayan cin abinci, domin yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe na waken. Matsa lemun tsami kuwa ƙara ɗaukarsa yake.

Hajiya Mai Jinya, Gawon Nama:
Ɗan'uwa, ga batun madara. Sukarinta laktos ne, kusan giram 12 a kofi mai mililita 250. Jariri yana da sinadarin narkar da shi da yawa, amma bayan yaye sai ya riƙa raguwa a jikin galibin mutane. Fulani makiyaya da yawa nasu bai raguwa, gado ne. A nono da kindirmo bakteriya sun riga sun cinye wani ɓangare na sukarin sun mai da shi tsami, suna kuma taya hanji narkar da ragowar, ga hura tana rage masa saurin wucewa. Yawancin masu wannan matsala suna iya ɗaukar rabin kofi zuwa kofi guda in tare da abinci ne, ba a kan yunwa ba.

A tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, saboda ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka da burusela, wata cuta mai sa zazzaɓi, daga shanu. In kuma kumburin ya zo da rama, ko jini a bayan gida, ko baƙin kashi kamar kwalta, ko amai mai yawa, wannan ya wuce wake da madara. A tafi asibiti a ga likita, kada a tsaya shan jiƙon gargajiya.