Shin lokaci ya yi da Nijar za ta rabu da kwal ɗin Anu Araren?

Alhaji mai sayar da farantan sola, Babbar Kasuwa: Jama'a, ra'ayina shi ne a daina zuba kuɗi a kwal. Tashar hasken rana ta Malbaza tana aiki tun 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 kuma an buɗe ta a 2023, sannan rana dai Allah bai hana mu ita ba. Ma'aikatan mahaƙar kwal ta Anu Araren da ke jihar Agadez a koya musu haɗa sola, sai su ci gaba da neman abincinsu.

Malamin makaranta, unguwar Zariya: Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, lissafinka bai cika ba. An kafa kamfanin SONICHAR mai haƙar kwal ɗin Anu Araren a 1975, kuma garin Cirozerin a jikinsa ya girma, domin wutar da ake samu daga kwal ɗin ita ce take haska Agadez da Arlit, ita kuma take juya injinan ma'adinin yuraniyom. Mahaƙa tana buƙatar hannu kullum, amma tashar sola da zarar an gama kafa ta, mutane ƙalilan ne suke gadi da share ƙura. To, mahauci da tela da mai tuwon da suke jiran albashin waɗannan ma'aikata a ƙarshen wata, su wace sana'a za a koya musu?

Tsohon direban babbar mota, unguwar Ali Ɗan Sofo: Malam ya faɗi gaskiya. Na yi shekaru ina kai gero da wake Arlit, kuma bayan mahaƙar yuraniyom ta COMINAK ta rufe a ranar 31 ga Maris 2021, da idona na ga gidajen haya babu kowa a Akokan, garin ma'aikatanta, lodinmu ma ya ragu. Wancan yuraniyom ne, amma ciwon iri ɗaya ne.

Alhaji: Baba, ai wannan hujja tawa ce. Idan COMINAK, ɗaya daga cikin manyan masu sayen wutar, ta riga ta rufe, gara a fara shiri tun yanzu, kada a bari sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Hajiya, unguwar Bagalam: Ku maza kuna ta zancen lantarki kun manta da murhu. Farantin Alhaji yana kunna fanka, amma ba ya dafa tukunyar gidan mutum ashirin, kuma itacen da ake sarowa daga dajin Baban Rafi kullum ƙara tsada yake yi. Idan kwal ɗin girki zai sa a bar itatuwa su huta, ban ga dalilin gaggawar binne shi ba. Kuma ba mu manta da duhun da muka sha ba lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023.

Malamin makaranta: Hajiya ta taɓo inda yake ciwo. Ko Jamus da take da arziki sai a 2018 ta rufe mahaƙarta ta ƙarshe ta baƙin kwal, bayan shekaru masu yawa tana rage ma'aikata sannu a hankali, sannan ta ba kanta wa'adin daina amfani da kwal har 2038 tare da ware kusan Yuro biliyan 40 ga yankunan da abin zai shafa. Alhaji, mu daga wace jaka za mu ciro namu?

Alhaji: Malam, wannan tambaya ba ni da amsarta yau. Na janye maganar rufe Anu Araren, amma har yanzu ban yarda a haƙa sabuwar mahaƙar kwal a Salkadamna da ke jihar Tahoua ba.