'Yar riƙo da mahaifiyarta: su haɗu a kashi na farko ko sai ƙarshen zango?

Bintalo: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sana'a. Fim mai dogon zango nake rubutawa, barkwancin iyali ne, kashi 13, minti 25 kowanne. Budurwa 'yar shekara 27, ana tsakar shirin bikinta ta gano Hajiyar da take kira Mama mariƙiya ce, mahaifiyarta tana ƙauye tana dama fura. Furodusa yana so su haɗu a kashi na 1, ni kuma sai na 13. Kuɗin da yake da su na kwana goma ne a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim. Litinin zan miƙa rubutun. Wanne ya fi?

Malam Na-Soro: Wa alaikumus salam. 'Yata, gyara tushen tukuna. Riƙo halal ne, jingina yaro ga wanda ba ubansa ba ne aka hana, a Suratul Ahzab aya ta 4 da ta 5, kan Zaidu ɗan Harisa. Kada yarinyar ta ci gadon gidan, sai dai wasiyya, ita ma ba ta wuce sulusi. Ɗan gidan kuma ba muharraminta ba ne sai in Hajiya ta shayar da ita kafin yaye.

Sani Kyamara: Anti Bintalo, lissafin ne ya ba ni tsoro. Minti 325 a kwana goma, fiye da minti 32 ke nan kullum. Da kyamara ɗaya ba zai yiwu ba. Ki ɗauki biyu, ki tara duk fitowar falo a kwana huɗu a jere, ƙauye kwana biyu, kada a koma. Hayar kyamara da fitilu, ki sa dubu 40 a rana.

Ɗan Zoo Road: Dubu 40 a wace shekarar? Man janareta kaɗai ya kusa cinye wannan. Ki sa 70, ban da mai ɗaukar sauti. Janaretan kuma a kai shi bayan gida da doguwar waya, in ba haka ba gurnaninsa ne zai fito jarumin fim.

Sani Kyamara: Kai 'yan Abuja kake yi wa kuɗi.

Hajiya Mai Alƙalami: Ƙanwata, daga ke har furodusan kun kauce. Su haɗu a kashi na 3. Na 1 a fasa ƙwan, kuma wurin fasa shi neman waliyyi ne, ranar da dangin ango suka tambayi wa zai ba da aure, Alhaji ya fara tari. Na 2 neman hanya. In kika ja har 13, kin yi fim ɗin kuka ne da raha a gefe. Dariyar tana cikin zaman uwa biyu a gida ɗaya. Ki mai da yarinyar 'yar fari. Ta zo da gudu za ta rungume uwarta, uwar ta ja mayafi ta juya baya, ba ta kama sunanta, sai "ku ce wa waccan ta ci abinci". Ita 'yar birni ta ɗauka ƙiyayya ce, alhali alkunya ce. Wannan kaɗai zai ba ki kashi huɗu. Abin da ke kashe irin labarin nan shi ne dalilin ɓoyewa. A ƙasar Hausa riƙo ba sirri ba ne, goggo ko kaka ke ɗauka, unguwa duk ta sani. Sai kin kawo ƙaura zuwa wani gari ko rigimar dangi, in ba haka ba mai kallo zai ce ina maƙwabta suke shekara 27.

Baban Gida: Ni dai uwata ta gaskiya nake nema, in tana da gida a Nasarawa GRA ta yi magana.

Edita Tsoho: Ku bar zancen kashi. Akwai shirin da aka ɗauka a haka, jarumar da ta fito uwar ita ce ginshiƙi, ba takarda, yarjejeniyar baki. An yi kashi shida, ta ce sai an ninka kuɗinta. Aka sako wata a na bakwai ba bayani, da zanen da bai yi kama da na farko ba, don ba wanda ya ɗauki hoton kontiniti, wato hoton shigar da aka yi a fitowar baya. Masu kallo suka watse. Furodusa ya kashe waya. Edita ya yi wata biyu yana haɗa hoto, mai sauti, mai kwalliya, har mai abinci, ba wanda ya ga sisi. Faifan ajiyar ma ɗaya ne, ya faɗi, kashi biyu suka tafi. Ki sa a rubuta yarjejeniya, rabin kuɗi kafin ɗauka, rabi bayan fitowar ƙarshe, a kwafi aiki wuri biyu kowane dare.

Ummu Hanan: Malam, shayarwar ai sai ta kai biyar.

Malam Na-Soro: Wannan na Shafi'iyya ne. A Malikiyya, da ita alƙalanmu ke hukunci, ko sau ɗaya nonon ya isa ciki ya haramta.

Ɗan Zoo Road: Allah gafarta Malam, ka taɓa tsayawa a lokeshan?

Hajiya Mai Alƙalami: Bar Malam. Maganarsa ce za ta tarar a hukumar tace fina-finai. A Mayun 2025 shiri 22 aka dakatar a Kano saboda sakinsu ba tacewa. Ki kai kafin ki ɗora ko a YouTube ne.

Edita Tsoho: YouTube ɗin ma sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara kafin talla ta fara biya, kuma ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100. Kafin nan yara sun yanka kashin gunduwa-gunduwa sun watsa a TikTok.

Bintalo: Na gode. To 3 ɗin, ya zan shawo kan furodusa?

Sani Kyamara: Edita, masu yankan nan har tambarinsu suke mannawa a kan namu. Wa ya san yadda ake kai ƙararsu a sauke, ba tare da an rufe maka taka tashar ba?