Musayar Waƙa: Sauƙin Da Allah Ya Yi Wa Naƙasasshe Ba Kora Ba Ce

Mai Sanda:
Assalamu alaikum. Ni makaho ne tun ƙuruciya, ga tambayata a waƙe, kuma duk wanda zai amsa ina roƙonsa ya riƙe mini amsa-amon "ba".

Da sunan Allah nake farawa, Mai rahama,
Wanda bai bar bawansa cikin ruɗu ba.
Ku masu sani, ku ba ni amsa da hujja,
Domin tausayi kaɗai bai ƙosar da ni ba.
In na zo masallaci sai a miƙo mini sadaka,
Alhali kuwa roƙo bai kawo ni ba.
Shin addini ne ya ce in raɓe a gefe,
Ko ku ne ba ku buɗa mini sahu ba?

Ɗalibar Tafsiri:

Malam, amsarka tana cikin Suratu Abasa,
Sura ta 80, ba faɗar kaina ba.
Ɗan Ummu Maktum ya zo neman sani,
Manzo, mai tsira, na kiran manyan Ƙuraishu, bai juyo ba.
Sai wahayi ya sauko da gyara a sarari,
Muna karanta shi a salla, ba a ɓoye shi ba.
Wannan makahon ya zamo ladan a Madina,
Matsayinsa bai gaza na Bilalu ba.
Bilalu na kira da sauran dare, a ci sahur,
Ba a kame baki in makahon bai kira ba.
In Manzo ya fita yaƙi yakan bar masa gari,
Ya ja salla, makanta ba ta hana shi ba.

Dattijo:

'Ya'yana, ku yi mini uzuri in sa baki,
Gardama ba ita ce ta kawo ni ba.
Allah ya ɗauke ƙunci ga makaho da gurgu,
Aya ta 17 a Fat'hi, ba ku manta ba.
An ce wa sahabi Imrana ya yi salla ko da a zaune,
Ko kishingiɗe, in zaman bai yiwu ba.
Da ganin sahabi Itbanu ya raunana, Manzo ya je gidansa,
Ya yi masa salla a can, bai ce ya fito ba.
To me zai sa mu wahalar da mai lalura,
Tun da Ubangijinsa bai ɗora masa ba?

Mai Keke:

Baba, Allah ya ƙara girma, ka faɗi daidai,
Amma rangwame izini ne, ba kora ba.
Amru ɗan Jamuhu gurgu ne, ga kuma tsufa,
'Ya'yansa suka ce zuwa Uhudu ba nasa ba.
Ya kai ƙara ga Manzo, aka ce yana da uzuri,
Amma ba a yarje wa 'ya'yan su tare shi ba.
Ya fita a shekara ta 3 ta Hijira, ya sami shahada,
Gurguntar ba ta rage masa komai ba.
Ni kuwa matakala ce ke tsare ni a ƙofa,
Magini bai tuna da mai keke ba.
Sannan a ce Allah ya yafe mini jam'i,
Alhali ni ban ce na gaji da zuwa ba.

Mai Bin Tarihi:

'Yar'uwa, kukanki ya tuna mini da Halifa Walidu,
Ɗan Abdulmalik, ban ce waliyyi ba.
Ya hau mulki a 705 Miladiyya, ya ba makaho jagora,
Gurgu ya sami hadimi, ba da kuɗinsa ba.
Baitulmali ne ya ɗauki wannan nauyi,
Haƙƙi ne aka biya, ba alfarma ba.
Malami Aɗa'u ɗan Abi Rabaha kuwa na ɗingishi,
Makka ba ta fifita fatawar wani a kan tasa ba.

Dattijo:

Na karɓi gyara, 'yata, matakalar laifinmu ce,
Ban taɓa kallonta da idonki ba.

Mai Sanda:

Allah ya saka, Baba, amma da sauran magana,
Kurma na zaune a huɗuba, bai san me aka ce ba.
In da mai fassara da hannu a gefen mumbari,
Da bai koma gida da wofi ba.
Ni ma Alƙur'ani na rubutun makafi nake nema,
Yatsuna ba su gaza karatu ba.
Ga ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi,
Wanda zai amsa kada ya ce bai gane ba:
In na zo neman aure da addini da sana'a,
Wa zai ba ni 'yarsa, bai dubi sandata ba?