Yaya za a ce "randonnée" da Hausa? Shirin gobe ne

Mai Fassara, Bukoki: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da shiri a rediyo gobe Laraba da dare, kuma dole in miƙa rubutun kafin azahar. Labarin da aka ba ni da Faransanci ne, kan mutanen da ke goya jaka su kama ƴan hanyoyin cikin duwatsu masu itatuwa, su yini suna tafiya da karensu. Ba farauta suke ba, ba kiwo ba, ba kuma wani gari suka nufa ba. Kalmomi uku sun tsaya mini: randonnée (ita wannan tafiyar), sentier balisé (hanyar da suke bi), da laisse (abin da ake riƙe karen da shi). Ba zan iya tsallake su ba, don gundarin labarin doka ce. A Faransa, daga 15 ga Afrilu zuwa 30 ga Yuni, wanda ya sauka daga manyan hanyoyin daji dole ya riƙe karensa a ɗaure, saboda lokacin ne tsuntsaye ke kwanci, namun daji na haihuwa. A tsakiyar gandun dajin Vanoise na Faransa kuwa ko a ɗaure ba a shiga da kare. Na rubuta "yawo" na goge har sau uku.

Ɗan Wadata: Wa alaikumus salam Yaya. Yawon shan iska mana.

Mai Fassara, Bukoki: Ƙanena, shan iska bayan la'asar ne a bakin kogi, mutum ya komo kafin magariba. Cikin labarin akwai hanyar GR20 ta tsibirin Korsika, wajen kilomita 180, mutane kan yi mako biyu a kanta. Wannan ya fi ƙarfin shan iska.

Hajiya ta Lazare: Tattaki. Doguwar tafiya ce da ƙafa, da niyya, da gajiya. Masu yinta ƴan tattaki. Sentier kuma turba ce, ba gwadabe ba, ba burtali ba, don burtali na shanu ne tsakanin gonaki. Tunda fenti suke shafawa a jikin itace da dutse, fari bisa ja, sai ki ce turba mai alama.

Tsohon Mushe, Tawa: Ɗiyata, kar ki yi gaugawa. Tattaki dai mun san inda munka jiyo shi, gidajen rediyon Najeriya ne sunka cika muna kunne da shi, kuma ga bakinsu mutum ne ya taso daga wani gari da ƙahwa don ya gaida gwamna, ko taron masu zanga-zanga. Ni na daɗe da tawa kalma tun ina koyarwa: ratsa-dawa. Mai yinta maratsin dawa, jam'i maratsa dawa. Tana da aiki, tana da wuri, kuma ta bi ƙa'ida awa faɗi-tashi da shiga-da-fita. Ki sa ta, in anka ji sau ukku ta zamna.

Ɗan Wadata: Baba, a rubuce wa zai bambance dawa ta jeji da dawa ta tuwo? Mai karanta labarai ya ja wasalin kaɗan, sai manomi ya ji ana yabon masu ratsa masa gona da kare.

Tsohon Mushe, Tawa: Wanda bai iya raba dawa da dawa ba bai kamata a ba shi makirho ba. Laihin mai karatu ne, ba na kalma ba.

Malamar Lakkwal, Harobanda: Mushe, da girmanka, akwai abin da ya fi wasali. A wannan zamani in aka ce wasu sun ratsa dawa ko sun shiga daji, hankalin mai saurare ba ya zuwa ga motsa jiki. Gabansa ne zai faɗi. Shi ya sa ma ban kawo "yawon daji" ba.

Direba, Talaje: Ku dai ku ce randone a huta. Muna cewa lakkwal, muna cewa kaminyo, ba wanda ya mutu.

Tsohon Mushe, Tawa: Ga irinta nan! Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, amma har yau in abu ya yi wuya sai mu miƙa hannu ga Nasara. Lakkwal ta shigo da ginin ta, ba mu da shi da. Tahiya da ƙahwa cikin duwatsu fa, wa ya koya ma wa? Mutanen Adar suna hawan duwatsun Keita tun kahin a san Faransa. Buzaye na hawa Bagazam, mita fiye da 2000, da jakkai da kaya. Karen Azawak da Turawa ke alfahari da shi yanzu, daga ina sunka ɗauke shi? Daga arewacin jihar Tawa da maƙwabtanta.

Direba, Talaje: Duk gaskiya ne Baba, amma ba ɗayansu da ya hau don nishaɗi. Kare a wurinmu na gadi ne, na garke, na farauta. Abin baƙo ne, to sunansa ma ya zama baƙo.

Hajiya ta Lazare: A nan ban bi ka ba, ɗana. Rediyo ma baƙo ne, amma "mai saurare" tamu ce. Kuma Mushe, ban yarda a ce tattaki ta Najeriya ce ba. Daga taka take, kowa na taka ƙasa daga Agadas har Zariya. Iyakar da Bature ya ja ba ta raba mana fi'ili ba. In mun ƙi kowace kalma don an fara jinta a Kano, rabin labaran duniya ba za mu iya karanta su ba.

Tsohon Mushe, Tawa: Hajiya, ban ce haram ce ba. Na ce kullum mu ne masu amsa, ba a taɓa amsar tamu. Yaushe rediyon Kano ya ɗauki kalmar Adar guda?

Ɗan Wadata: Ranar da muka fara buga littattafai kamar su.

Mai Fassara, Bukoki: Don Allah iyayena, ku dubi agogo. Wannan magana tana ci mini rai ni ma, amma ba yau za mu gama ta ba. Laisse fa? Jimlar tana cewa a gajarta ta idan an doshi garken tumaki, saboda manyan karnukan makiyaya da suke kira patu ba sa ƙyale baƙon kare ya matso.

Malamar Lakkwal, Harobanda: Igiyar kare. In mai tsawo ce da ke barinsa ya ɗan yi nisa, talala. "A sassauta masa talala", "a gajarta igiya", duk suna zama daram.

Tsohon Mushe, Tawa: Akala. Ita ce igiyar da ake riƙewa ana ja ana tahiya. Talala ga turke take, ba ga hannu ba.

Hajiya ta Lazare: A kan talala ka yi gaskiya, ta ɗaurin kiwo ce. Amma akala ta raƙumi ce, Mushe, kamar yadda linzami yake na doki. Kar mai raƙumi ya ji an ba kare kayansa.

Mai Fassara, Bukoki: To ga abin da zan miƙa. Karon farko zan ce "tattaki cikin duwatsu don motsa jiki da kallon daji", daga nan sai tattaki kawai, masu yi ƴan tattaki. Turba mai alama na ɗauka. Igiyar kare na ɗauka, na bar talala. Har yanzu tattaki ba ta kawo mini inuwar itatuwa da ke cikin kalmar asali ba, sai dai in cike da bayani. Baba Mushe, ka yi mini haƙuri.

Tsohon Mushe, Tawa: Shirinki ne, ɗiyata, Allah shi ba da sa'a. Turba mai alama ta yi, wagga ban da ja. Tattaki kuwa ban amsa ba, ara kika yi don gobe. In kin zo wurin da anka ce a duba kunnuwan kare da tsakanin yatsunai bayan an sauko, ki ce kaska, kar in ji wani tik.

Mai Fassara, Bukoki: Kaska na rubuta tun jiya, Baba. Saura gourde, kuma gora zan ce ko da ta ƙarfe ce.