Dainoso ɗina na roba sun fara danƙo, me zan yi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Nima, nan Accra. Shekara shida ke nan ina tara 'yan dainoso na roba, wato siffofin dabbobin nan na zamanin da can da suka ɓace daga duniya, yawanci a cikin kayan gwanjon kasuwar Kantamanto nake tsinto su. Yanzu sun kai 34.

Tun zafin watan Maris huɗu daga cikinsu suka fara danƙo. In ka taɓa bayansu sai yatsa ya manne, ƙura ta bi ta lafe kamar an shafa musu zuma. Na wanke su da sabulu da ruwan ɗumi, bayan kwana goma danƙon ya dawo. Wani abokina ya ce man da ke sa robar PVC laushi ne yake tsattsafowa in zafi ya yi yawa, ga ɗakina rufin kwano ne. Ya ce in goge da sifirit, ni kuwa tsoro nake kada fenti ya tashi.

Wanda ya fi damuna shi ne Nigersaurus, mai faffaɗan bakin nan, wanda aka haƙo ƙasusuwansa a Gadoufaoua ta Nijar, masanin ƙasusuwan halittun da, Paul Sereno, ya raɗa masa suna a 1999. Kakana daga Agadas ya zo, shi ya sa nake ji da shi, kuma ban ƙara ganin irinsa a kasuwa ba.

Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan, da me ya magance shi? Hodar jarirai tana tsayar da danƙon ne, ko rufe shi kawai take yi? Kuma in ware su daga sauran ne, ko ba ya shafar na kusa?