Wane suna za mu raɗa wa na'urar da ke kai wari da ƙamshi hanci?

1/ Jama'a, ku matso mu yi raɗin suna. Kun san tabarau ɗin nan da ake ɗaurawa a fuska, mutum ya tsinci kansa a duniyar kwaikwayo, ya waiga hagu ya waiga dama duk yana ciki. To akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala masa daidai ƙasan hanci, ɗauke da ƙananan kwalaben sinadarai, tana fesawa kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da ido ke gani. Turawa na ce mata olfactory display.

2/ Tunanin tsoho ne. Tun 1962 wani mai suna Morton Heilig ya yi wa na'urarsa Sensorama rajista a Amurka: ka cusa kai, ka gan ka bisa babur a titin birni, iska na kaɗa ka, kujera na girgiza, hanci ma yana samun rabonsa.

3/ Abin da zai fara zuwa baki shi ne "na'urar ƙamshi". Ni ban saya ba. Ƙamshi na turare ne da girki, alhali in ana koyar da aiki da na'urar, abin da malami ke son ɗalibi ya shaƙa galibi ba mai daɗi ba ne. Mai koyon aikin lantarki ya kamata ya gane ƙaurin waya kafin wuta ta tashi. Mai koyon kashe gobara ya san warin gas, wanda da gangan ake zuba masa sinadari mai wari don shi kansa ba a jin sa. Jihar Texas ta wajabta hakan bayan gas ya tarwatsa wata makaranta a 1937, kusan mutum 300 suka rasu. Wannan ne za mu kira ƙamshi?

4/ "Na'urar wari" kuwa, wa zai ɗaura ta a fuska? Ga shi Bahaushe ya ba kowanne sunansa: ƙarni, zarni, hamami, ɗoyi, ƙauri. Babu uwa ɗaya da ta goya su duka.

5/ Kada kuma a ce "allon hanci". Allo launi uku yake gaurayawa ya fitar da sauran, domin ido da iri uku yake gane launi. Hanci na da wajen iri 400 na masu karɓar saƙo. Binciken wannan fanni ne ya ba Linda Buck da Richard Axel kyautar Nobel a 2004. Wannan yawan ne ya sa na'urar abin da aka ɗura mata kawai take bayarwa, in ya ƙare a sake ɗuri.

6/ "Mashaƙi" ya bi tsarin mabuɗi da magogi, amma ya yi kusa da mashaƙo, kar a zaci ciwo ake nufi. "Mashinshini" mu ajiye wa na'urar da ita ce ke shinshina, irin mai gano gas in ya tsiyaya.

7/ Tawa shawarar: ji-da-hanci. Ai da "ji" muke faɗin su duka, na ji ƙamshi, na ji ƙauri, kuma ga ɗan'uwansa gani-da-ido. Ku gwada a baki: "Malam, ji-da-hancin nan ya ƙare, a canza kwalba." Mutanen Sakkwato da Damagaram, ya zauna a kunnenku?