Jar fitilar da ta raba kan zaure

Baban Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake. Amfilifayata 'yar Beljiyam, shekara shida ina lallaɓa ta, ta tafi. Na je Zariya kwana biyu, na bar wa ƙanena gida. Ya gama jin waƙarsa, ya danna rimot, ya kwanta. Cikin dare aka kawo wuta da ƙarfi, da asuba ɗaki sai ƙauri. Na tambaye shi, wai shi ai ya kashe. Jama'a, in dai 'yar jar fitilar nan tana ci, kaya ba a kashe yake ba, gyangyaɗi yake yi. Barin kayan sauti a haka ba tare da an kashe soket ba, wallahi ƙauyanci ne.

Maman Khairat: Wa'alaikumussalam. Allah ya mayar da alheri. Ba ka da sitabilaiza ne?

Baban Ilham: Akwai, firij na haɗa wa.

Habu Mai Gyara: Gaskiyarsa. Rimot ba ya raba kaya da layin wuta. Akwai wani ɗan sashe a ciki da yake kwana a farke yana jiran rimot, shi wuta take fara duka idan ta zo da hauka. Kawo min ita shago, wataƙila iya ɓangaren wutar ne ya ƙone.

Lawwali: Ni kalma ɗaya ce ta tsaya min a wuya. Me ya kawo ƙauye cikin maganar? Babana in ya gama jin labaran dare, kashe rediyonsa yake ya zare batir ya ajiye daban. Barin abu a kunne a tafi barci, wannan halin 'yan birni ne. Ƙanen naka a wane ƙauyen aka haife shi?

Baban Ilham: Malam Lawwali, salon magana ne kawai.

Lawwali: Salon magana kullum a kanmu yake ƙarewa. Masarar da kuka ci jiya da dare a birni aka noma ta?

Hajiya Binta: Ka faɗa musu, ɗana. Duk wanda ya ƙirga kakanni uku zai tarar da kansa a ruga ko a gona.

Sadiq Mai Kiɗa: Haba Hajiya, wasunmu tun kaka da kakanni cikin ganuwa muke.

Hajiya Binta: To sannu, jikan Bagauda.

Injiniya Musa: Don Allah mu koma kan magana, ga lissafi. Abin da ke cin wat 1 dare da rana, a shekara ya sha yunit 8.76. Tarayyar Turai tun 2013 ta sa doka kada kayan gida irin waɗannan su wuce rabin wat a wannan yanayi na jira. Rabin wat, yunit 4 da ɗoriya ke nan a shekara. Ko da farashin Band A (rukunin masu biyan kuɗin wuta mafi tsada a Najeriya) na Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, bai cika naira 1,000 ba. Amma tsohon kaya da aka ƙera kafin dokar, in a ce wat 10 yake ci, yunit 87 ke nan, kusan naira 20,000. Kuma wannan in wuta ba ta ɗaukewa ne. Saboda haka sabon kaya ba kuɗin mita ne matsalarsa ba, ƙonewa ce.

Lawwali: Injiniya, a lissafin naka ƙauyanci wat nawa ne?

Sadiq Mai Kiɗa: Ni shekara da shekaru ina harkar sauti a gidajen biki. Kaya idan ya ɗumama ya fi fitar da murya, musamman tsofaffin nan masu kwalabe a ciki. Kuma lokacin kunnawa ne kaya yake zuƙar wuta da yawa farat ɗaya. Yau zafi, gobe sanyi, shi ke gajiyar da shi. Turawa masu kayan tsada wasunsu ba sa kashewa sam.

Habu Mai Gyara: Sadiq, mai jar fitila ba ɗumi yake ba, sashen sautin a kashe yake. Sannan can wutarsu ba ta ɗaukewa sau biyar a wuni. Nan ko ka bar shi, za a kashe maka a kunna maka ba da shawararka ba. In damina ta yi kuwa, ana fara walƙiya a zare fulogin gaba ɗaya, kashe soket ma bai isa ba.

Sadiq Mai Kiɗa: Mai gyara yana ba da shawarar da za ta hana shi ciniki? Akwai lauje cikin naɗi.

Habu Mai Gyara: Allah ya isa tsakanina da kai. Mikisarka da na gyara watan azumi har yau ba ka cika min kuɗina ba.

Sadiq Mai Kiɗa: Wannan ba maganar zaure ba ce.

Ɗan Maraɗi: Mu nan babu wannan gardamar. Da kuka yanke mana wuta a Agustan 2023, jar fitila da koriya duk barci suka yi.

Maman Khairat: Wane ne "kuka"? Mu da muka kwana a duhu tare da ku?

Ɗan Maraɗi: Hajiya, wasa nake.

Lawwali: Shi ma cewa zai yi salon magana ne. Ni dai har yanzu ban ga an janye kalmar ba.

Baban Ilham: Na janye, na mayar da ita sakaci. Shi ke nan?

Hajiya Binta: Sakacin wa? Kai da ka bai wa firij sitabilaiza ka bar amfilifaya tsirara, ka zo kana tsire yaro a gaban mutane?

Shugaban Zaure: To ya isa haka, dare ya yi. Abin da aka cimma: mafi yawan 'yan uwa sun yarda da Baban Ilham cewa a riƙa kashewa daga soket, kamar yadda ni ma na daɗe ina faɗa. Injiniya ya tabbatar cewa barin kaya a kunne yana cin naira 20,000 a shekara. Hujjar Sadiq ba ta samu karɓuwa ba. Batun ƙauye an wuce shi, dama wasu ne suka so tayar da ƙura. Mai bukatar sitabilaiza mai kyau ya same ni a shago, sabbi sun iso.

Injiniya Musa: Ranka ya daɗe, ban ce haka ba. Tsohon kaya na ce, kuma "in a ce" na ce.

Lawwali: Su wane ne "wasu"?